Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Ake Haɗa Inji Ɗaya Daga Tsofaffi Biyu

(Jawabin da wani ɗalibin sashen injiniya ya gabatar a zauren taron ɗalibai a madadin abokan karatunsa)



Ko da yake baki ɗaya ne yake magana, mu huɗu ne muka shirya wannan jawabi, abin da ya jawo shi kuwa wata kunya ce da muka sha a dogon hutun da ya wuce, sa'ad da aka tura mu wani gareji koyon aiki. A can muka karanta cewa masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka sukan zare karanshaf daga wani inji mai silinda shida, su sa shi cikin bulok ɗin wani, sai su sami inji na uku wanda ya fi iyayensa biyu girman ciki. Nan da nan muka yago kwali, muka buga lissafi, muka ga inji mai lita 4.0 ya koma mai lita 4.5. Cikin murna muka kai wa maigidan garejin, wani dattijo wanda karatunsa bai wuce firamare ba. Ya duba kwalin ya jinjina kai, sa'an nan ya ce, "To, samari, kun ƙara wa fistan tafiya. In ya haura sama, ina zai tsaya?" Muka dubi juna, muka ce, "Baba, a ba mu zuwa gobe." Goben nan sai da ta zama kwana uku. Amsar da muka samo ita ce za mu shimfiɗa a gabanku yau.

Yadda ake auna cikin inji

Duk wanda ya taɓa kallon tela yana taka keken ɗinki ya riga ya ga asalin al'amarin. Ƙafa tana hawa da sauka, wata sanda tana ɗaukar wannan motsi ta kai shi ga wani lanƙwasasshen ƙarfe, shi kuma ya mai da shi juyi. A cikin inji, fistan shi ne ƙafar, kwanrod shi ne sandar, karanshaf kuwa shi ne lanƙwasasshen ƙarfen. Nisan da fistan yake yi daga can sama zuwa can ƙasa shi za mu kira zango, kuma kullum ninki biyu ne na tsawon hannun karanshaf. Wannan magana ta ninki biyu a riƙe ta, domin za mu komo kanta.

Girman cikin inji kuwa lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan aji uku na sakandare ba: faɗin silinda sau faɗin silinda, sau 0.7854, sau zango, sau yawan silindodi. Ashe ke nan hanya biyu ce kawai ta ƙara wa inji ciki. Ta farko ita ce a rarake silinda a faɗaɗa ta, amma wannan tana da iyaka ta kusa, gama bayan bangon silinda ruwan sanyaya inji ne yake zagayawa, in bangon ya yi siriri sai ya tsage. Ta biyu ita ce a sa karanshaf mai dogon hannu, fistan ya riƙa yin dogon zango. Injin da aka yi wa haka shi masu sana'ar suke kira sitiroka, mu kuwa za mu ce masa inji mai dogon zango.

Amfaninsa a fili yake. Wanda noti ya gagare shi da gajeriyar sifana yakan zura mata bututu ya ƙara mata tsawo. Haka nan idan tunkuɗar da take sauka kan fistan ba ta sāke ba, amma hannun karanshaf ya ƙara tsawo, ƙarfin murɗawa zai ƙaru daidai gwargwado, muddin dai silinda tana cika da iska da mai kamar dā. Wannan ƙarfi shi ne yake fitar da mota daga yashi, ya hau da ita tudu da kaya ba tare da direba ya yi ta sauya giya ba.

'Yan gida ɗaya

Ba kowane karanshaf ne yake shiga kowane bulok ba. Sai injunan sun zama 'yan gida ɗaya, watau zanen asalinsu ɗaya ne. Misalin da ya fi shahara shi ne na kamfanin American Motors, wanda aka kafa a 1954 sa'ad da kamfanonin Nash da Hudson suka haɗe. A 1964 kamfanin ya fito da sabon inji mai silinda shida a jere, wanda karanshaf ɗinsa yake kwance bisa mazaunai bakwai. Irin wannan jeri na shida yana da wata baiwa: fistoci suna tafiya bibbiyu, na 1 da na 6, na 2 da na 5, na 3 da na 4, girgizar wannan tana kashe ta wancan, wuta kuma tana tashi a kowane kashi ɗaya cikin uku na juyi, bisa tsarin 1-5-3-6-2-4. Shi ya sa waɗannan injuna suke aiki lami lafiya, suke kuma daɗewa.

A 1970 kamfanin ya sayi Jeep, a 1971 kuma ya ƙara wa injin zango, aka sami wanda ake kira 258, mai lita 4.2. Faɗin silindarsa milimita 95.25 ne, zangonsa milimita 98.9. Inji ne mai kafireto, mai jan kaya tun daga ƙaramin juyi, amma numfashinsa gajere ne, har ma a shekarunsa na ƙarshe ƙarfinsa bai wuce na doki 112 ba. An daina yin sa a 1990.

Ƙanensa, mai lita 4.0, ya fito cikin motar Jeep Cherokee ta 1987, shekarar da kamfanin Chrysler ya saye American Motors. Masu zanensa sun faɗaɗa silinda zuwa milimita 98.4, suka rage zango zuwa 86.7, suka yi masa tof mai yalwar hanyar iska, suka kuma maye gurbin kafireto da nozul masu fesa mai bisa umarnin kwamfuta. A 1991 ƙarfinsa ya kai na doki 190, aka ci gaba da yin sa har 2006.

To, ga wa mai dogon zango da ƙuntataccen numfashi, ga ƙane mai faffaɗar silinda da gajeren zango. Abin da ya sa aure ya yiwu tsakanin kayansu shi ne kamfanin, saboda tsimin kuɗi, bai sāke tazarar da take tsakanin silindodi ba, bai kuma sāke kaurin wuraren da karanshaf yake kwanciya bisa metal ba. Saboda haka karanshaf na 258 yana kwanciya cikin bulok na 4.0 kamar don shi aka yi. Sai mu buga lissafi: 98.4 sau 98.4 sau 0.7854 sau 86.7 ya ba mu wajen mililita 660 a kowace silinda, watau 3,960 a shida. In muka cire 86.7 muka sa 98.9, kowace silinda ta zama 752, jimla kuwa wajen 4,510. Ƙarin ya kai kashi 14 cikin 100. Idan kuma aka ɗan rarake silindodin da kashi uku cikin huɗu na milimita, kamar yadda akan yi wa tsohon bulok ko da ma ba don wannan ba, sai a sami lita 4.6. Wannan girma ba baƙo ba ne a gidan, domin kamfanin VAM na ƙasar Meziko ya ƙera irinsa mai lita 4.6 tun cikin shekarun 1970, da faffaɗar silinda da zangon 258.

Iyakar abin da yake bisa kwalinmu ke nan ranar da muka je gaban Baba.

Ina fistan zai tsaya?

Zango ya ƙaru da milimita 12.2. Tun da zango ninki biyu ne na hannun karanshaf, hannun ya ƙaru da 6.1 ke nan. Ma'anar wannan ita ce fistan zai ƙara nutsawa ƙasa da milimita 6.1, zai kuma ƙara haurawa sama da milimita 6.1. A injin 4.0 kuwa, sa'ad da fistan ya kai ƙarshen hawansa, abin da ya rage tsakaninsa da bakin bulok bai kai milimita ɗaya ba. Da mun ɗaura karanshaf na 258 da kwanrod da fistan na 4.0 kamar yadda muka zana, da fistan ya leƙo waje da fiye da milimita biyar, ya daki tof tun kafin injin ya cika juyi ɗaya. Da an matsa masa da sitata kuwa, da an lanƙwasa kwanrod, an yi hasarar kayan da aka sha wuya kafin a tara su. Abin da dattijon nan ya hango ke nan cikin daƙiƙa kaɗan, mu kuwa da takardunmu ba mu gan shi ba.

Maganin yana cikin gidan. Kwanrod na 4.0 tsawonsa milimita 155.6 ne, na 258 kuwa 149.2, bambancinsu 6.35 in an bi awon inci na asali. Ku dubi waɗannan lambobi biyu da kyau: hannun karanshaf ya ƙara 6.1, kwanrod ya rage 6.35. Idan aka ɗauki karanshaf da kwanrod na 258, aka ɗaura musu fistan na 4.0, fistan zai tsaya ƙasa da inda ya saba da rubu'in milimita kaɗai. Wannan haɗi shi ake yi wa laƙabi da sitirokan talaka a Amurka, domin dukan kayansa ana samunsu a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa.

Akwai hanya ta biyu, ta mai ɗan hali. A bar dogon kwanrod na 4.0, a sayi fistan na musamman wanda aka matsar da ramin fil ɗinsa sama da wajen milimita shida. Dalilin da ya sa wasu suke kashe wannan kuɗi shi ne, gajeren kwanrod yana karkata da yawa sa'ad da fistan yake tsakiyar tafiya, sai ya riƙa danna shi jikin bangon silinda. In an raba tsawon kwanrod da zango, injin 4.0 na asali yana ba da 1.79, sitirokan talaka yana ba da 1.51, mai dogon kwanrod kuwa 1.57. Duka biyun suna aiki, sai dai kowanne da abin da yake ci, ɗaya aljihu, ɗaya bangon silinda sannu a hankali.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu

Kada wani ya fita daga zauren nan yana zaton an sami ƙarfi a banza. Abu huɗu ne suke biyo bayan dogon zango, kowanne kuwa yana iya kashe injin.

Na farko shi ne matsi. Injin 4.0 na 1991 yana matse iska da mai kashi 8.8 zuwa 1, watau sararin da yake raguwa bisa kan fistan wajen mililita 85 ne. A sabon haɗin sararin ya zama wajen 87 saboda rubu'in milimitan nan, amma abin da ake turawa cikinsa ya tashi daga 660 zuwa 752. A haɗa 752 da 87, a raba da 87, sai a ga matsi ya haura 9.6. A tsohon inji mai tof na baƙin ƙarfe, in fetur ba mai kyau ba ne kuma ana zafi, wannan matsi yakan sa ragowar man da yake gefe ya fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi. Shi ne ƙarar nan da akan ji kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani sa'ad da mota take hawan tudu, ƙarshenta kuwa fasasshen ringi ne ko hujajjen fistan. Domin a komar da matsi zuwa 9.0 ana bukatar sarari na mililita 94, saboda haka sai a ƙara zurfin kwarin da yake kan fistan da wajen mililita bakwai. Mai gaggawa yakan ce a sa gasket mai kauri a huta. Wannan kuskure ne, gama ana so gefen fistan ya matso kusa da tof, tazarar wajen milimita ɗaya, domin ya fyaɗo iskar da take gefe zuwa tsakiya ta gauraya da wuta. Gasket mai kauri yana ɓata wannan, sai a rage matsi amma ƙarar ba ta tafi ba.

Na biyu shi ne mai. Cikin da ya ƙaru da kashi 14 yana shaƙar iska fiye da dā, yana kuma bukatar ƙarin fetur daidai da haka. In an taka totur har ƙasa, kwamfutar injin tana bin ma'aunin da aka rubuta mata ne domin lita 4.0, saboda haka dole a sa nozul masu faɗin baki. In ba haka ba, mai zai yi ƙaranci cikin iska, wutar ta yi zafi fiye da kima, ta ƙone bawul.

Na uku shi ne gudun fistan. A juyi 5,000 cikin minti ɗaya, fistan na 4.0 yana tafiyar mita 14.5 a daƙiƙa bisa matsakaicin lissafi, na dogon zango kuwa mita 16.5. Inji mai dogon zango na jan kaya ne, wanda ya mai da shi na tsere zai kwashe shi a buhu.

Na huɗu shi ne zafi, domin ƙarin man da aka ƙona ƙarin zafi ne, tsohon lagireto da ya toshe kuwa ba zai ɗauke shi ba.

Bayan waɗannan akwai ƙananan tarkuna. Karanshaf na 258 iri biyu ne: na shekarun 1970 mai ma'aunan nauyi goma sha biyu, wanda ya kai kilo 30, da na baya mai huɗu, wajen kilo 21. Hancin tsofaffin ya fi na 4.0 tsawo da wajen santimita ɗaya, sai an datse shi ko an sa masa zobe kafin fanbel ya zauna daidai. Bulok na 1996 zuwa gaba yana da wani ƙarfen ɗauri a ƙarƙashin mazaunan karanshaf, wanda sai an ɗan nisanta shi da wasa domin kada kwanrod ya taɓa shi. Tazarar da ake bari domin baƙin mai tsakanin karanshaf da metal kuwa ba ta kai kaurin gashin kai ba, ido ba ya ganinta, yatsa ba ya jin ta. Masu aikin sukan auna ta da maikuromita, su auna sararin tof da sirinji da farantin gilashi, su manna yumɓu bisa kan fistan su juya injin da hannu, sa'an nan su yanka yumɓun su ga tazarar da bawul ya bari. Kama da wane ba ta wane, shigar ƙarfe cikin ƙarfe ba ita ce shaidar sun dace ba.

Ba a Amurka kaɗai ba

Masu motar Datsun 280Z ta Japan suna da irin wannan dabara. Injinta L28 yana da faɗin milimita 86 da zango 79, watau mililita 2,753. Ɗan'uwansa mai shan man gas, LD28, zangonsa 83 ne. Sukan ɗauki karanshaf na mai gas ɗin, da kwanrod na tsohon L24 mai tsawon milimita 133, da fistan mai faɗin 89, su sami mililita 3,098. Amma rarake milimita uku ba wasa ba ne, sai an auna kaurin bangon kowace silinda tukuna. A Jamus ma, injin BMW mai suna M20 ya fito da zango 75 a mai lita 2.5, da zango 81 a mai lita 2.7 wanda aka yi domin tsimin mai a farkon shekarun 1980. Mutane sukan haɗa gindin na biyun da tof na farkon, nan ma kuwa sai an kula da siffar kan fistan, in ba haka ba matsi ya faɗi ƙasa. Ko'ina aka je tambayar Baba ce take jiran mutum.

Abin da ya shafe mu

Malam Shugaba, wani zai ce ina ruwanmu da wasan masu kuɗin Amurka. Ruwanmu a ciki shi ne, haɗa kayan wannan inji da na wancan aiki ne da makanikanmu suke yi kowace rana, su kuwa larura ce take sa su. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya ga mutanen da suke ta da matacciyar mota da abin da ya samu. Suna da hannu, suna da ido irin na Baba. Abin da yawancinsu ba su da shi shi ne ma'auni da rubutaccen awo, saboda haka in haɗi ya yi kyau ba a san dalili ba balle a maimaita, in kuma inji ya buga bayan wata biyu sai a ce ƙaddara ce, mai mota ya sake biya. Mu kuwa muna da lissafi, amma ga shi mun kusa fasa tof a bisa kwali. Ba'amurken da yake haɗa injin nan a bayan gidansa bai fi makanikanmu basira ba. Abin da ya fi su da shi shi ne littafin kamfani da ya ba shi tsawon kowane kwanrod, da kuma waɗanda suka riga shi suka rubuta abin da suka auna, har da kurakuransu.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Ga 'yan'uwanmu ɗaliban injiniya, duk wanda za a tura koyon aiki ya tafi da ma'auni da littafi, ya auna faɗin silinda da zango da tsawon kwanrod na kowane injin da aka kwance a gabansa, mu tara waɗannan mu buga su da Hausa, mu mayar wa garejin da muka samo su. Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, muna roƙo ta nemi izini a riƙa buɗe ɗakin aikin sashenmu ga makanikan gari ko da sau ɗaya a wata, su koya mana kwance inji, mu nuna musu karatun maikuromita. Ga yayyenmu ma'aikata kuma, waɗanda wata rana fayil ɗin motocin da suka mutu a bayan ma'aikata zai zo teburinku, kafin ku sa hannu a yi gwanjonsu da sunan ƙarafa, ku sa a bincika ko cikin matattu uku za a ta da biyu. In kuwa motarku ce makaniki ya ce zai sa mata kayan wata, ku tambaye shi abin da ya auna, ku kuma tuna cewa injin da aka ƙara wa ƙarfi yana bukatar birkin da zai tsai da shi.

Da muka koma wa Baba a rana ta uku da lambobin nan biyu, 6.1 da 6.35, ya sa aka karanta masa su sau biyu. Sa'an nan ya ce shi shekara talatin yana gwada irin wannan da tsinken tsintsiya, bai taɓa sanin ana iya ganinsa a takarda tun kafin a sayi kaya ba. Ya karɓi kwalin ya soke shi a jikin bango, ya ce mu je mu wanke kwanon baƙin mai, domin aiki yana jira.

Malam Shugaba, jama'a, iyakar abin da muka zo da shi ke nan. Inda muka yi kuskure malamanmu suna nan, sai su gyara mana.